Ranar da igiyar biza ta fita daga wuyanmu

Tun da na sanar cewa mun samu izinin zama na dindindin a Ingila, wanda nan ake kira ILR, saƙonni suke ta shigo min. Mafi yawa addu'a ce da fatan alheri, Allah ya saka da alheri. Amma akwai wani yayana a Kano da ya rubuto min cewa, "To, shi ke nan kun zama 'yan can. Ka dai sani, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Maganar ta tsaya min a rai, domin na san mutane da yawa haka suke kallon abin. Yaya, bari in ba ka amsa a nan, ko wani ma zai amfana.

Na shigo ƙasar nan a 2020 a matsayin ma'aikacin jinya. Shekara 5 cur bizata tana ɗaure da wurin aikina. Wanda bai zauna a wannan hali ba, da wuya ya gane nauyinsa. Kamfanin da ya ɗauki nauyinka shi ne ke riƙe da zamanka, da zaman matarka, da makarantar 'ya'yanka. In ya sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace masa lasisin ɗaukar baƙi saboda laifin da shi ya aikata, kwana 60 ake ba ka ka nemi wani, in ba ka samu ba ka tattara. Wurin da na fara aiki, gidan kula da tsofaffi ne. Sai a jera min aikin dare huɗu, biyar, a canza jadawali ba a tambaye ni ba, in ga kuskure a takardar albashi in haɗiye. Abokan aikina 'yan ƙasa suna ɗaga murya a gyara musu nan take. Ni kuwa in na buɗe baki sai in tuna matata Hajiya da yara suna barci a gida, sai in mayar da shi in rufe.

Na san wani ɗan'uwa daga Zariya da ya sayar da filinsa ya zo aikin kula da tsofaffi, watanni kaɗan aka soke lasisin kamfaninsu. Na gan shi a masallaci bayan sallar Juma'a yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko sun san inda ake ɗauka. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma a fasfonsa da na mu duka akwai sharaɗin cewa ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, duk da harajin da ake cira a albashinmu kowane wata. Jama'a ce ta yi masa karo-karon kuɗin haya.

Wannan tsoron shi ne ya fita daga gidana. Yau zan iya ajiye aiki in nemi wani, in koma karatu, ko in buɗe sana'ar kaina, ba sai na nemi izinin kowa ba. Hajiya ma takardarta ta tsaya da ƙafarta. A da tata a jikin tawa take rataye, kuma na sha kwana ina tunanin in Allah ya yi min rasuwa a hanyar aiki, ina za ta sa kanta da yara a ƙasar da ba ta da kawu ba ta da goggo.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Mutanen gida da yawa suna zaton duk yaron da aka haifa a Ingila ɗan ƙasa ne kai tsaye, kamar yadda aka saba ji game da Amurka. Tun 1 ga Janairun 1983 aka daina haka. Sai in ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin lokacin haihuwar. 'Yata da aka haifa a nan a 2022, ba ta taɓa shaƙar iskar wata ƙasa ba, amma sai da muka nema mata biza kamar baƙuwa. Yanzu ƙofa ta buɗe mana mu yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Babban ɗana kuma, da muka zo da shi daga Kano, yana dab da shiga jami'a. Ɗalibin gida a Ingila yana biyan fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, kuma yana iya karɓar rancen karatu na gwamnati. Wanda ke kan bizar mahaifinsa kuɗin ɗaliban waje ake caje shi, wanda yakan ninka wannan sau biyu ko fiye, kuma babu rance. Yaron da ya zauna aji ɗaya da sa'o'insa, ya ci jarrabawa ɗaya da su, sai a ƙofar jami'a a ce masa shi baƙo ne. Wallahi na ga iyayen da wannan ya sa su kuka.

Ba kyauta ake samun takardar ba. Fam 3,029 muka biya a kan kowane mutum, mu uku, ga jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambaya 24 da sai ka ci 18. Shekara biyu muna adashe kafin kuɗin su haɗu. Duk da haka ina roƙon duk wanda lokacinsa ya cika, don Allah kada ya ce sai ya gama ginin gida a Kaduna tukuna. Dokokin nan canzawa suke yi kamar hadarin damina. A watan Maris na 2024 aka hana sabbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. A watan Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fito da shirin mayar da shekara 5 ɗin nan zuwa 10. A watan Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje baki ɗaya.

Yanzu ga amsarka, Yaya. Abin da ya raba ni da gida shekarun nan shi ne bizar wucin gadi. Mai neman zaman dindindin ba zai wuce kwana 180 a wajen ƙasar ba cikin kowane wata 12, kuma tun kafin ka kai nan, in hutun da ba albashi ya wuce mako 4 a shekara, zamanka na iya shiga matsala. Lokacin da Baba ya kwanta ciwon ajali, kwana 12 na samu. Kai ka yi jinyarsa, kai ka sa shi a makwancinsa, ni a waya na ji ana ta'aziyya. Da wannan takardar kuwa zan iya zama a gida har kusan shekara 2 ba ta lalace ba. Fasfona kore yana nan, kuma ko nan gaba na karɓi na Birtaniya, kundin tsarin mulkin 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan Najeriya riƙe biyu ba.

Na san damuwarka ta tarbiyya da addini da harshe, kuma gaskiyarka ce, ni ma ina da ita. Sai dai uban da ke aikin dare biyar a jere don tsoron mai gidansa ba ya ganin 'ya'yansa balle ya ji karatunsu. Tun da na rage aikin dare, ni nake kai su islamiyya ranar Asabar, kuma a kan tabarmar cin abinci Hausa kawai ake yi.

Ka gaya wa Inna na sayi tikiti. Da azumi zan iso da ƙaramar jikarta da ba ta taɓa ɗauka ba, kuma wannan karon sai bayan babbar sallah za mu yi maganar komawa.