Inda ake haɗa murhun itace da bututun ɗumama gida

A Amurka, masu ƙara murhun itace kusa da injin ɗumama gida na gas sukan ɗauka ko'ina aka haɗa bututun iskarsa mai zafi daidai ne. Ba haka ba ne. In aka zuba iskarsa a bututun da ke dawo da iska mai sanyi cikin injin, zafin zai bi ta matatar iska da motar fankar injin, har motar ta ƙone. Wurin haɗin shi ne akwatin ƙarfen da iska mai zafi ke fita ta cikinsa daga injin, a sa marfin da ke hana iska komawa baya. Bututun ya zama ƙarfe zalla, nesa da katako, domin in lantarki ya ɗauke fanka tsayawa take, itace kuwa yana ci gaba da ci.