Gwajin APOE: alƙaluman Turawa da ƙwaƙwalwar ɗan Afirka

A nan Amurka, tun 2017 mutum na iya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa kamfani, bayan 'yan makonni a gaya masa ko yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa ta Alzheimer. A gida kuwa, dattijo ya fara manta sunan jikokinsa sai a ce gigin tsufa ne, a bar zancen. Duka biyun suna damuna, amma na farkon ya fi, domin mutanenmu da ke nan sun fara karɓar sakamakon kamar hukuncin kotu.

Ƙwayar sunanta APOE, kuma iri uku ce: e2, e3 da e4. Kowa na gadar ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke suka nuna alaƙar e4 da cutar. A cikin Turawa, mai e4 guda ɗaya haɗarinsa ya kai kusan ninki uku, mai biyu kuma ninki takwas zuwa goma sha biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da guda, kuma da yawansu suna tsufa da hankalinsu garau. Kada a haɗa ta da APP, PSEN1 da PSEN2, wasu ƙwayoyin gado waɗanda tangarɗa a cikinsu ke kawo cutar tun kafin shekara 65. Masu irin wannan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba.

Gaskiya ne ana ganin bambanci a ƙwaƙwalwar masu lafiya. Eric Reiman da abokan aikinsa sun nuna a 2004, da hoton PET mai nuna aikin ƙwaƙwalwa, cewa masu e4 'yan shekara 20 zuwa 39 ƙwaƙwalwarsu na ƙona sukari ƙasa da na sauran a sassan da cutar ke fara kamawa. Furotin amiloyid ma, wanda ake samu jibge a ƙwaƙwalwar masu cutar, yakan fara taruwa shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin mantuwa ta bayyana, kuma ya fi saurin taruwa a masu e4. Sai dai wannan bambanci na rukuni ne, sai an tara hotunan mutane da yawa an ɗauki matsakaici yake fitowa. Likita ba zai kalli hoton matashi ɗaya ya ce ga ranar da zai fara mantuwa ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne binciken Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, wanda Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun suka assasa a farkon shekarun 1990. An kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙar fatan Amurka da ma'auni iri ɗaya. Yawan masu e4 kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma sakamakon 2001 ya nuna sababbin masu cutar a Ibadan ba su kai rabin na Indiyanafolis ba, kuma tasirin e4 a Yarbawa ya fito da rauni sosai. Saboda haka ninki goma sha biyun nan da ke tayar wa mutane hankali ba a jikinmu aka auna shi ba. Ban ce mun tsira ba. Wanda ya daɗe a nan, hawan jini da ciwon sukari na nan suna jiransa kamar kowa.

Inda gwajin ke da amfani na zahiri shi ne kafin a fara ba mara lafiya lecanemab, maganin Alzheimer da aka amince da shi a 2023, domin masu e4 biyu sun fi fuskantar kumburi da ɗigon jini a ƙwaƙwalwa sakamakon maganin. Mai lafiya kuwa ya sani cewa dokar GINA ta 2008 ta kare shi a inshorar lafiya da wurin aiki, amma ba ta rufe inshorar rai da ta kulawar tsufa ba. Ya fara zama da mai ba da shawara kan gado kafin ya aika yawunsa, ya kuma auna hawan jininsa, sukarinsa da jin kunnensa, waɗanda ke cikin abubuwa 14 masu alaƙa da haɗarin cutar mantuwa da kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024.