Na biya kuɗin godiya, har yau ban ga wanda na gode wa ba

Da ƙarfin gwiwata na shiga ofishin dillalan gidaje a Tokiyo. Ni da na yi haya a Kano, na san dillali na san la'adarsa, me kuma za a nuna mini? Ɗakin ma ɗan mitsitsi ne, tabarma shida, don su da tabarmarsu ta tatami suke auna faɗin ɗaki. Haya yen 70,000 a wata. Na ce alhamdulillahi, aljihu zai ɗauka.

Dillaliyar ta rusuna, ta miƙo mini takarda da hannu biyu. Na leƙa ƙasan takardar, sai na ga 362,000. Na cire tabarau na goge na mayar, lambobin suna nan daram.

Abokina ɗan Damagaram da ya rako ni tafinta ya shiga karanto mini. Hayar watan farko. Shikikin, wato ajiyar wata guda da za a mayar mini ranar tashi bayan an cire na gyara. La'adar dillali wata guda, da harajin kashi 10 a kanta. Rabin wata na kamfanin da zai tsaya mini, tunda ba ni da kawu a Japan. Ga na canza makulli, ga inshorar gobara. Sai kuma reikin, shi ma wata guda.

"Shi kuma fa?"

"Kuɗin godiya ne."

Nan take raina ya yi fari. Kai, mutanen nan akwai karamci! Na ce, "Faɗa mata kada mai gida ya wahalar da kansa, a cire daga lissafin kawai, na yafe tukuici."

Mutumina ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ai kai ne za ka gode. Kuma ba ya dawowa."

An ce al'adar ta kafu ne lokacin da gidaje suka yi ƙaranci, bayan girgizar ƙasar Kanto ta 1923 da kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya samu rufin kwana sai ya yi wa mai gida ihsani. Gidaje sun daɗe da wadata, godiya ce ta ƙi ƙarewa.

Na kwana ina saƙa da warwara. A wurinmu ai godiya ba sai da kuɗi ba. Washegari na koma da kwalbar turare da ledar dabino, na ce a kai ni in gaida mai gida. Dillaliyar ta rusuna, ta nuna mini lambar asusun banki. To, tunda abin ya zama ciniki, na taya 30,000. Ta karkace kai, ta ja iska ta haƙora, ta ce "da ɗan wuya". Na ji daɗi, ɗan wuya ai ba wuya ba ne, na ƙara zuwa 40,000. Sai da abokina ya taka mini ƙafa ya raɗa mini cewa a bakin mutumin Japan wannan ita ce albarka, kuma babu sallamawa a bayanta.

Na biya. Wata biyu ina cin shinkafa da mai da yaji, yajin ma na tsaraba.

Shekara biyu cif sai ga wasiƙa: koshinryo, kuɗin sabunta yarjejeniya, hayar wata guda. Na kira mutumina a fusace, na ce wannan karon kotu za ta raba ni da mai gida. Ya ce in adana kuɗin lauya, tun 2011 Kotun Ƙolin Japan ta ce ya halatta muddin bai wuce kima ba. Sai ya ƙara da cewa ai gidajen UR, wata hukumar gwamnati mai ba da gidajen haya, ba ruwansu da kuɗin godiya, ba la'ada, ba na sabuntawa.

"Ka san da haka tun ranar da ka raka ni?"

"Sosai ma. Ai a can nake zaune."

Dabinon ma shi ya cinye a jirgin ƙasa muna komawa.