Fam ɗaya a kan kowane ɗaki: wa ke riƙe da asusun?

Duk wanda ya kwana a babban otal a tsakiyar birnin Manchester tun daga watan Afrilun 2023, in ya duba rasitinsa zai ga wani ɗan layi a ƙasa: fam ɗaya a kan kowane ɗaki, kowane dare. Kuɗin bai kai na kofin shayi a garin ba, shi ya sa yawancin baƙi ko ɗaga kai ba sa yi. Amma da shekara ta zagayo, abin da aka tara ya kai kimanin fam miliyan 2.8.

Manchester ce ta fara wannan a Birtaniya. A lokacin doka ba ta ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ɗora wa baƙo haraji ba, sai aka bi ta wata ƙofa. Masu otal-otal suka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu, mafi rinjaye suka amince su riƙa karɓar kuɗin suna zubawa a asusu guda, wanda su ma suke da baki a yadda za a kashe shi. Da shi ake tallata birnin, a jawo manyan taruka da wasanni, a ƙara share tituna. Liverpool ta bi sahu a 2025, ita fam biyu ta sa.

Ni dai ban ga aibun harajin kwana ba. Baƙo yana taka titi, yana cika kwandon shara, yana shan hasken fitilar da 'yan gari suka biya. In ya ba da ɗan wani abu, ba a zalunce shi ba. Abin da ya sa tsarin Manchester ya burge ni shi ne wanda aka damƙa wa asusun. Mai otal ba ya buƙatar rahoton kwamiti kafin ya san ko talla ta ci. Ranar Talata a tsakiyar sanyin Janairu zai leƙa littafin ɗakuna, ya ga nawa ne a rufe ba kowa. In kuɗin bai kawo masa baƙi ba, wa'adin irin wannan yarjejeniya ba ya wuce shekara biyar, sai an sake ƙuri'a, kuma yana iya cewa a'a.

Edinburgh, babban birnin Scotland, ta ɗauki wata hanya. Majalisar Scotland ta yi doka a 2024, birnin kuma ya yanke kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗaki a darare biyar na farko, ya tsayar da 24 ga Yulin 2026 a matsayin ranar farawa. Edinburgh ba ta rasa baƙi ba. A watan Agusta, lokacin bukukuwanta, samun ɗaki ma sai mai rabo. Shi ya sa cikin abin da ta tsara har da ware wani kaso domin gidajen zama masu sauƙin haya. Ashe ba kowane gari ne talla ta fi damunsa ba, wani gyara yake nema.

Sai dai akwai inda nake ɗari-ɗari. Harajin nan yana yi wa ɗan siyasa daɗi saboda mai biyansa ba ya zaɓe a garin. Ya biya, ya ɗauki jakarsa, ya tafi, ba wanda zai zo gobe ya tambayi ina kuɗinsa. Kuma ba duk mai kwana a otal ne ɗan yawon buɗe ido ba. Ka tsaya a teburin karɓar baƙi na wani matsakaicin otal a Kano da magariba: ga ɗan kasuwa ya zo sarin atamfa a Kantin Kwari, ga wanda ya kawo mahaifiyarsa asibiti daga wata jiha yana tambayar ko za a rage masa, ga 'yan rakiyar amarya. In za a karɓi kuɗin waɗannan da sunan yawon buɗe ido, ai ya kamata su ga abin da aka yi da shi da idonsu.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Legas tana karɓar kashi 5 cikin 100 a otal-otal da gidajen abinci tun dokar 2009, amma a matsayin kuɗin shigar jiha. Ghana kuwa, a dokarta ta 2011, ta sa kashi 1 cikin 100 kuma ta buɗe masa asusun bunƙasa yawon buɗe ido na musamman. In wata jiha a Arewa za ta gwada, tsarin Ghana ya fi kusa da daidai, sai a ƙara da kujerun masu otal a kan teburin da kuma buga lissafi duk shekara.

Kafin a biya kuɗin allon talla kuma, a tabbata abin da ake tallatawa yana nan. A Disambar 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. 'Yan watanni bayan haka, a ƙaramar Sallar 2025, 'yan sanda suka hana hawan saboda rikicin sarauta. Wanda ya kama ɗaki domin ya ga dawakai a Ƙofar Kudu, haka ya koma bai gani ba.