Sanata ya ce yana goyon bayan ƙudiri: ku je ku duba allon ƙuri'a

Jama'a, a Najeriya idan aka ce sanata hankalinmu Abuja yake tafiya, domin su 109 ɗin can suke zama. A Amurka kuwa kowace jiha tana da nata sanatocin. Jihar da nake so mu duba ita ce Nebraska, saboda a cikin jihohi 50 ita kaɗai ce ke da zaure ɗaya, kamar majalisun dokokin jihohinmu. A 1934 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar rushe zaure na biyu, bayan George Norris, sanatan da ke wakiltar jihar a Washington a lokacin, ya zaga jihar yana tallata shawarar, aka fara zaman sabon tsarin a 1937. Yau sanatoci 49 ne a birnin Lincoln, kowanne yana wakiltar mutum kusan 40,000, albashinsa dala 12,000 a shekara, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunansa a takardar zaɓe. Da yawansu suna rubuta wa jaridun mazaɓunsu bayani lokacin zama: wannan ƙudiri ina tare da shi, wancan ina da ja a kansa, wannan kuma ina nazari. Abin da nake so in ce shi ne, irin wannan bayani yana da amfani, amma ba a auna ra'ayin sanata da shi. Ana auna shi ne a ƙofofi huɗu ko biyar da ƙudiri ke bi, kuma a kowace ƙofa akwai hanyar da mutum zai kashe ƙudiri bakinsa yana cewa yana so.

Mu fara da lokaci, don shi ne jarin kowa a zauren. Ana buɗe zama a farkon Janairu. A shekara mai mara, kamar 2023, kwana 90 ake zama. A mai cika, kamar 2024, kwana 60. Ƙudiri kuma sai a cikin kwana 10 na farkon zama ake shigar da shi, sai ɗaruruwa su taru a ɗan wannan lokaci. Sa hannu a ƙudiri ba ya cin komai. Sanata zai iya shigar da shi don wata ƙungiya a mazaɓarsa ta roƙe shi, ko ya ƙara sunansa a na abokinsa don kara, alhali ya san ba za a taɓa kai wa gare shi ba. Saboda haka idan sanata ya ce "na gabatar da ƙudiri kan harajin gidaje da gonaki," wanda shi ne kukan manoman jihar kullum, bai faɗa maka abu mai yawa ba tukuna.

Tambayar da ta dace a yi masa ita ce: wanne ka zaɓa a matsayin ƙudirin fifiko? Kowane sanata ɗaya tak ake ba shi damar zaɓa a zama guda. Kwamitoci suna zaɓar bibbiyu, kakakin majalisa kuma har 25. Waɗannan su ake fara sa wa a jadawalin muhawara, kuma idan zama ya yi nisa kusan su kaɗai ake taɓawa. Mutumin da ya cika shafin jarida da maganar makarantun karkara, amma ya kashe fifikonsa guda ɗaya a kan wani rangwamen haraji, ya riga ya nuna maka inda zuciyarsa take. Wani lokaci ma sanata yakan ba da fifikonsa ga ƙudirin wani sanatan daban, don ya ga shi ne zai iya wucewa. Wannan a wurina ya fi jawabi goma nauyi.

Sai kwamiti. A nan ne Nebraska ta burge ni ƙwarai, kuma ba na ɓoyewa. Duk ƙudirin da aka shigar, in ban da 'yan gyare-gyaren rubutu, dole ne a yi masa zaman jin ra'ayin jama'a, a kuma sanar da ranar aƙalla kwana 7 kafin ta zo. Kowa yana iya zuwa: manomi, malamar makaranta, direban babbar mota. Ya cike takarda, ya zauna gaban kwamiti, ya faɗi sunansa ya kuma harhaɗa shi baƙi-baƙi don a rubuta daidai, a ba shi 'yan mintoci, fitila tana nuna masa lokacin da ya rage. Masu goyon baya su fara, sai masu adawa, sai 'yan ba-ruwanmu. Shi ya sa mutanen jihar suke cewa su ne zaure na biyu. Bayan nan kwamiti yana da zaɓi uku: ya tura ƙudiri zaure, da gyara ko ba gyara, ya kashe shi kai tsaye, ko ya riƙe shi shiru. Na ukun shi ya fi cin ƙudirori, domin ba wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya kashe. Akwai hanyar fizgo ƙudiri daga hannun kwamiti da ƙuri'a 25 a zaure, sai dai ba kasafai ake yi ba, don shugabannin kwamitoci suna ganin hakan raini ne, kuma kowa yana da ƙudirin da gobe zai bi ta hannunsu.

Akwai kuma takardar ƙiyasin kuɗi da ofishin kuɗi na majalisa ke maƙala wa kowane ƙudiri: nawa zai ci wa jiha, nawa zai rage mata na shiga. Jihar ba ta da damar yin kasafi mai giɓi, don haka ƙudirin da zai ci kuɗin baitulmali yakan jira a matakin ƙarshe sai an gama kasafi an ga abin da ya rage. Sanatan da ya ce yana goyon bayan ƙarin kuɗi ga asibitocin karkara, ya kuma goyi bayan rage haraji mai yawa a zama ɗaya, sai a tambaye shi wanne zai bari idan kuɗin bai isa duka ba.

Yanzu ga inda maganar take da nama. A zaure ƙudiri yana bin mataki uku: muhawarar farko, muhawara ta biyu bayan an tace rubutunsa, sannan karatun ƙarshe. A kowane mataki ana buƙatar ƙuri'a 25, wato rinjayen dukkan sanatoci 49, ko da mutum nawa ne suka zo ranar. Ku riƙe wannan. A gaban kowane sanata akwai maɓalli kore da ja, sunansa kuma yana jikin babban allo a bango. A matakai biyu na farko, idan ya zauna a kujerarsa bai danna ko ɗaya ba, sai a rubuta cewa yana nan amma bai kaɗa ba. Tunda 25 ake nema, wannan shirun daidai yake da jan maɓalli wajen sakamako, amma yana ba shi damar komawa gida ya ce "ni ban taɓa kaɗa ƙuri'ar ƙin wannan ƙudiri ba." Bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya duka ba.

Sannan 25 ɗin ma ba ita ce ainihin lambar ba a kan duk wani ƙudiri mai zafi. Masu adawa suna da damar jan magana: su yi ta kawo gyare-gyare da buƙatun ɗage zance, kowa ya tashi ya yi minti biyar-biyar, har lokaci ya ƙare. Bisa tsarin da kakakin majalisa ke bi a shekarun nan, sai an yi wajen awa 8 a matakin farko, 4 a na biyu, 2 a na ƙarshe, kafin mai ƙudiri ya nemi a rufe muhawara. Rufe muhawara kuwa ƙuri'a 33 yake buƙata. Ma'ana sanatoci 17 sun isa su tsayar da komai. Idan ƙuri'ar rufewa ta faɗi, galibi ƙudirin ya mutu a wannan shekarar, ko da mutum 32 suna sonsa.

Abin da ya faru ranar 27 ga Afrilu 2023 ya isa misali. Ƙudiri mai lamba LB626 yana neman hana zubar da ciki daga wajen mako 6. Sanata Merv Riepe, tsohon jami'in gudanar da asibiti, yana cikin waɗanda suka sa hannu a ƙudirin tun farko. Duk wanda ya karanta jerin sunaye zai lissafa shi cikin masu goyon baya. Amma daga baya ya ce mako 6 ya yi kaɗan, mace tana iya kaiwa nan ba ta ma san tana da ciki ba, ya kawo gyaran mako 12, abokansa suka ƙi. Da aka zo rufe muhawara sai ya ƙi danna maɓalli. Sakamako 32 da 15, ƙuri'a ɗaya ta rage, ƙudiri ya faɗi. Ba ina magana a kan wanda ya yi daidai a mas'alar ba ne. Kowa ya san matsayin addininsa a kai. Ina nuna muku ne cewa ra'ayin Riepe na gaskiya bai fito a takardar sa hannu ba, a wannan daƙiƙar ya fito. Kuma labarin bai ƙare nan ba: cikin 'yan makonni aka ɗauki haramcin mako 12 aka cusa shi a matsayin gyara cikin wani ƙudiri daban, LB574, ya wuce da ƙuri'a 33 a watan Mayu, Gwamna Jim Pillen ya rattaba hannu.

Wannan cushen shi ne abin da ya fi damuna a tsarin. Idan lokaci ya ƙure, kwamiti yakan ɗauki ƙudiri ɗaya ya loda masa wasu goma ko fiye, a kaɗa musu ƙuri'a ɗaya. A 2023, da Sanata Machaela Cavanaugh ta shafe makonni tana jan magana a kan kusan duk abin da aka kawo zaure, da wannan dabarar aka wuce da mafi yawan aikin shekarar. Matsalar a fili take. Sanata yana son takwas daga ciki, yana ƙin biyu, maɓalli kuma ɗaya ne. Ya danna kore, sai a ce ya goyi bayan abin da ya ƙi. Ya danna ja, sai abokin hamayyarsa ya buga takarda a lokacin zaɓe cewa ya ƙi abin alheri. Mai bibiyar sanatansa dole ya bi lambar gyaran, ya ga wane ƙudiri aka zuba cikin wanne, in ba haka ba zai ɗauka ƙudirin da yake tsoro ya mutu, alhali ya canza riga ya wuce.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce teburin gwamna. Yana da kwana 5, ban da Lahadi, ya sa hannu, ko ya hau kujerar na-ƙi, ko ya bari ya zama doka ba hannunsa. Tsallake na-ƙin gwamna ƙuri'a 30 yake buƙata, kuma a 'yan kwanakin nan ne ake gane mai tsayawa. A 2015 ƙudirin Sanata Ernie Chambers na Omaha, wanda ya yi shekara 46 a zauren, na soke hukuncin kisa ya wuce da 32 da 15. Tun 1979 majalisa ta taɓa amincewa da irinsa gwamnan lokacin ya ƙi. Wannan karon ma Gwamna Pete Ricketts ya ƙi, aka shiga kiran waya da matsin lamba, da aka dawo ranar 27 ga Mayu ƙuri'ar ta zama 30 da 19. Biyu sun zame cikin mako guda. Da na uku ya bi su, da ƙudirin ya faɗi. Bayan haka masu son hukuncin suka tara sa hannun jama'a, aka kai maganar zaɓen Nuwamba 2016, kusan kashi 61 cikin 100 suka ce a mayar da shi. Zaure na biyu ya yi magana, ya rushe abin da na farko ya yi.

Haka a Satumba 2024, lokacin da aka so a canza yadda jihar ke raba ƙuri'unta na wakilai masu zaɓen shugaban ƙasa, don kada yankin Omaha ya ba da tasa guda ɗaya daban. Sanata Mike McDonnell bai daɗe da komawa jam'iyyar Republican ba, kowa ya sa shi a lissafi, manyan jam'iyya har daga Washington suka sa baki. Ya fito ya ce ba zai yarda a canza doka ana saura 'yan makonni zaɓe ba. Ba a samu 33 ba, gwamna bai ma kira zama na musamman a kan maganar ba.

Me ya sa na ɗauko duk wannan? Domin majalisun jihohinmu ma zaure ɗaya ne, mambobi 24 zuwa 40 kamar yadda tsarin mulki ya tanada, kuma babu wani zaure na biyu da zai taka musu birki. Nebraska ta gane wannan haɗarin, shi ya sa ta ɗaure kanta: jin ra'ayin jama'a dole, muhawara sau uku, kuma ba a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe sai ƙudiri ya yi aƙalla kwana 5 na zama da shigarwa. Mu kuwa mun ga dokar ƙirƙiro sababbin masarautu a Kano ta wuce an sa mata hannu ranar 8 ga Mayu 2019, cikin 'yan kwanaki, mun kuma ga wadda ta soke ta ta wuce an sa hannu ranar 23 ga Mayu 2024. Ko wane ɓangare kake a rikicin, ka tambayi kanka ko an kira ka ka faɗi ra'ayinka a ɗaya daga cikinsu, ko kana iya nuna takardar da ta ce wakilinka kaza ya zaɓa. Mafi yawan lokaci da murya ake yi: masu goyon baya su amsa, marasa goyon baya su amsa, kakaki ya buga guduma. Ɗan majalisa ya fito ya shiga gidan rediyo ya faɗi duk abin da masu sauraro ke son ji, ba mai iya ƙaryata shi.

Ba sai an sayi allon lantarki ba kafin a gyara wannan. Akawun majalisa ya kira suna ɗaya-ɗaya a karatu na uku na kowace doka, mutum 40 ba za su ci minti goma ba, a rubuta eh, a'a, ko bai zo ba, a maƙala takardar a ƙofar majalisa a kuma ɗora ta a shafin Facebook na majalisar kafin magariba. Wannan gyaran dokokin zaman majalisa ne kawai, 'yan majalisar da kansu suke da ikon yin sa, kuma shi ne abu na farko da ya kamata mu tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'armu ta majalisar jiha ko zai kawo shi zaure.