Wai "ba a buƙatar ƙwarewa"

Tallar neman ma'aikatan nan da wani gidan abincin gaggawa ya saki ta tsaya min a rai. Kun dai gan ta. Saurayi da hularsa yana washe baki, a ƙasa an rubuta wai iyaka ka iya murmushi, ka zo a kan lokaci. Ba a buƙatar ƙwarewa. Madalla! Saura su ce in dai kana numfashi, ka zo gobe.

Ba a buƙatar ƙwarewa? To wanda ya rubuta ya je ya tsaya bayan kanta da rana tsaka. Mai na tafasa, na'ura na ihu dankali zai ƙone, layi ya kai bakin ƙofa, wani na surfa maka zagi don an manta masa lemo, kai kuma dole ka ce "yi haƙuri, yallaɓai". Awa takwas a tsaye. In wannan ba ƙwarewa ba ce, mece ce?

Sun sani sarai. Suna faɗin haka ne don kada ka buɗe baki ka yi maganar albashi. Wanda aka gaya wa ba a neman komai a wurinsa, da wane ido zai nemi ƙari?

Na ji masu cewa ai matakin farko ne. Ku riƙe abinku. A Amurka mafi ƙarancin albashin gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Wannan matakin farko dai an shekara a kansa. Sai da ma'aikatan suka fita yajin aiki a New York a 2012 suna neman dala 15, sannan a 2024 Kalifoniya ta sa dala 20 ga masu aiki a manyan gidajen irin wannan abinci. Ba murmushi ne ya kawo wannan ba.

Har suna Turawa suka laƙaba wa irin aikin, McJob, ya shiga ƙamus ɗin Merriam-Webster a 2003, kamfanin abincin gaggawa na McDonald's, wanda daga sunansa aka samo kalmar, ya yi ta ƙorafi.

Wallahi yaran nake tausayi. Yaro ya fara aiki, darasinsa na farko shi ne kowa zai iya maye gurbinsa kafin yamma. Wannan ya fi ƙaramin albashin ciwo.

Af, ku sake duba hannun saurayin hoton nan. Luwai-luwai, ko tabon ƙunar mai ɗaya babu. Ni ina son sanin nawa aka biya shi.