Walter Camp: uban wasan da ya ƙi amincewa da jifa

Amurkawa na kiran Walter Camp uban ƙwallon ƙafarsu, wadda ake sa hular kwano a yi ta gware. Ya cancanci sunan, amma masu yabonsa kan tsallake rabin labarin.

Camp ya fara buga wa Jami'ar Yale a 1876, lokacin wasan kusan zari-ruga ne zalla. A taron dokoki na 1880 ya sa aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 11, aka ba ƙungiya ɗaya ikon ƙwallo, ta riƙa tayar da hari daga layi. Sai dai dokar ba ta faɗi yadda ƙwallon za ta bar hannunta ba. A 1881 Jami'ar Princeton ta rungume ƙwallo har hutun rabin lokaci, Yale ta rama bayan an dawo, aka tashi babu ci. A 1882 Camp ya toshe kafar: ka ci yadi 5 a yunƙuri uku, ko ka miƙa ƙwallo. Don a iya aunawa ne aka zana wa filin layukan da suka ratsa shi.

Ta'asar ta faro ne a 1888, da ya sa aka halatta kama ɗan wasa ƙasa da ƙugu. Mai gudu shi kaɗai ya zama abin kayarwa cikin sauƙi, don haka ƙungiyoyi suka koma cunkusuwa wuri guda suna danna abokan karawa da ƙarfin tsiya. A shekarar ce Yale, ƙarƙashin horonsa, ta lashe wasanni 13 ba a ci ta ko maki ɗaya ba, alhali yana yini a kamfanin agogo, matarsa Alice ce ke zuwa atisaye ta rubuto masa abin da ta gani.

A 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu. Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadar White House, har da Camp. Masu neman gyara suka ce a halatta jefa ƙwallo gaba, don cunkoson 'yan wasa ya watse. Camp ya ƙi, ya fi son a faɗaɗa fili da ƙafa 40. A nan ya yi kuskure, kuma kankare ne ya kayar da shi: Harvard ta gina filinta da kankare a 1903, babu halin faɗaɗa shi. Aka halatta jifa a 1906, amma zubar da jini bai lafa ba sai da dokokin 1910 suka hana tura mai ƙwallo ko jan sa, suka tilasta mutum 7 su jeru a layi.